Tsohon da Ya Shayar da Motarsa Gahawa

Ku da kuke damuna da saƙo wai in saka muku bidiyon motar nan da aka zuba wa gahawa, bari in yanke muku zance. Ba zan saka ba, ban ma ɗauka ba. Wanda ya baza labarin a layin garejinmu na unguwar Kera, nan Addis, rabi ya faɗa ya bar rabi, kuna ta dariya kuna kiran dattijo baƙauye alhali ko sunansa ba ku sani ba. Sunansa Gashe Shiferaw. Na tambaye shi ko in rubuta, ya ce shi ba ya karanta abin da ake rubutawa a waya, don haka ba ruwansa. Wanda tsawo ya dame shi ya wuce, ba dole.

Ni ce Nejat, mai gyaran motocin lantarki a garejin ƙarshen layi. Iyakar abin da zan ce a kaina ke nan.

Gashe Shiferaw tun yana saurayi yake cikin mota. Da yaron mota ya fara, a manyan motocin da ke ɗauko gahawa daga Jimma, lokacin da hanyar duk taɓo ce da rami. Daga baya ya samu tasi, irin shuɗiyar nan mai farin rufi, ya yi ta yawo da ita a Addis har kansa ya yi fari fat. Ya ce min motar nan ta fi wasu mutanen magana. Da safe tana tari, a hawan Entoto tana kuka, in mai ya kusa ƙarewa tana shessheƙa, shi kuma yana ba ta amsa. Matarsa, Etiye Askale, takan ce hirar da yake yi da motar ta fi wadda yake yi da mutanen gida.

A wata tsohuwar unguwa suke a bayan Piyasa, gidaje a manne da juna, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai fara yi maka sannu. In Etiye Askale ta ɗora kasko ta fara soya gahawa, ba ta aika kowa. Hayaƙin ne yake shiga gida-gida ya kira mutane. Kuma suna da mahiber ɗinsu na Mala'ika Jibrilu, wato maƙwabta da ke haɗuwa ranarsa kowane wata bayan an tashi daga coci, a yanka burodi, a yi addu'a, a yi gulmar wanda bai zo ba.

Sai aka tashi unguwar. Kowa aka ba shi ɗaki a benayen bayan gari, wani gabas, wani yamma. Su aka kai su Koye Feche, can sama, inda in ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai wani benen irin naku. Etiye Askale ba ta ga ƙarshen daminar farko a can ba. 'Yarsu ɗaya ce, Wubalem, tana Suwidin tana aikin kula da tsofaffi. Takardunta ba su fito ba a lokacin, in ta fita ba ta da hanyar komawa, don haka a waya ta kalli jana'izar uwarta. Tasin ma ta gaji ta tsaya, aka sayar da ita a ƙarfe.

Wubalem ce ta tara ta saya masa wata 'yar ƙaramar motar lantarki, fara, wadda aka taɓa hawa. Amma da sharaɗi. Ta ce ita hankalinta bai kwanta da tuƙinsa ba a wannan shekarun. Duk ranar da ya lalata motar da hannunsa, za ta sa a sayar, shi kuma ya tattara ya koma garin Adama gidan ƙanensa, inda za a riƙa kallonsa. Kuma ba wasa take ba, motar a haɗe take da wayarta, tana ganin inda take da yawan cajin da ke cikinta.

Shi ba haya yake yi da motar ba. Aikinta guda ne. 'Yan mahiber ɗin nan wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su, saura tsofaffi uku ban da shi, kowanne a wani lungun birni, kuma ba mai ƙafar hawa bas a cikinsu. Ranar Jibrilu Gashe ne yake zagawa ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya kai su tsohuwar cocinsu, a gama ya mayar da kowa. In ba motar, ba mahiber. In ba mahiber, to Gashe ba shi da sauran wanda ya san shi tun yana da baƙin gashi.

Da safe ya zo mana, ana yayyafi. Na hango motar tana rarrafowa kamar mai ciwon ƙafa, tun kafin ta tsaya na san hoton kunkuru ya fito mata a allo. Alamar nan ce da mota ke nunawa in batir ya yi zafi ta rage wa kanta ƙarfi. Ya fito da tsohuwar kwat da hula, ya tambayi babban makanike. Aka nuna ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"'Yata, babanki yana ciki?"

"Gashe, ni ce baban. Buɗe min gaba."

Ya ce wata fitila ce ta daɗe tana kunnuwa, kuma kullum da safe yakan ga ɗigon ruwa inda motar ta kwana. Amma kada in damu da wannan, shi ya riga ya yi maganin yoyon. Kunkurun nan ne kawai bai gane ba.

Na buɗe murfin robar ruwan sanyaya. Ruwan da ya kamata in gani shuɗi garau, sai na ga baƙi, da kumfa-kumfa a sama. Ƙamshi ya bugi hancina. Ba ɗan ƙasar nan da zai kasa gane ƙamshin nan ko a barci aka tashe shi.

Ya yi min bayani yana ɗaga ƙirji. A hanyar Jimma, in lagireto ya huje a daji, ba wanda ke jiran makanike. Garin gahawa ake zubawa, ya kumbura a cikin ruwan zafi, ya bi ruwa ya je ya toshe hujin da kansa. Da wannan dabarar ya sha kawo mota cike da kaya har Addis, da ita ya riƙe tasinsa shekara da shekaru. Ya zuba kaɗan, ɗigon bai tsaya ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, yana cikawa da ruwan famfo.

Kun san bakina. Na ce masa wannan ba lagireton Jimma ba ne. Nan ba inji ruwan yake sanyayawa ba, batir ne, kuma hanyoyin da yake bi a ƙarƙashin batirin sirara ne kamar tsinken shan lemo. Ɗan famfon da ke tura shi bai fi dunƙulen hannu ba. Abin da ya zuba bai toshe huji ba, hanyar ruwan ya toshe, shi ya sa batir yake dahuwa. Ina cikin faɗa Shitaye mai sayar da gahawa a bakin ƙofarmu ta leƙo da butarta a hannu.

"Gashe, ka sa mata sukari kuwa? Wataƙila shi ya sa ta yi fushi."

Layi ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, 'yar kaɗan. Da mutane suka watse ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya tambaye ni abu biyu. Ko za ta tashi kafin ranar Jibrilu, da kuma ko za a iya yi ba tare da Wubalem ta ji ba. A nan ya ba ni labarin sharaɗin. Na ce na farko zan gwada, na biyu ba a hannuna yake ba.

Abin da ban faɗa masa ba a lokacin shi ne, gahawar ba ita ce babban tsorona ba. Tsorona inda ruwan yake zuba. In daga waje ne, tiyo ko mahaɗi, aikin yini ne. In kuwa a cikin akwatin batir yake ɗiga, to maganar ta wuce gyara ta koma ta wuta, kuma kuɗin sabon batir ya kusa kuɗin motar. Wubalem ba sai ta ji labarin gahawa ba ma, motar ta tafi.

Na kashe komai, na sa safar roba mai kauri, na zare makullin babbar wutar, na ba ta lokaci ta huce. Masu koyo a shafina, na sha gaya muku, wayoyin nan masu launin lemo ba abokan wasanku ba ne. Na zuƙe baƙin ruwan iya abin da ya fito, na zuba mai tsabta da ɗan rini mai ƙyalli. Sannan na ɗaura famfon hannu a bakin robar na ba ta iska kaɗan, na zuba wa agogon da ke jikin famfon ido. In ba huji, allura za ta tsaya cak. Tamu ta fara sauka a hankali.

Na ce wa Gashe ya je gida, zan kira shi. Ya ce to, ya je ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Na sake faɗa, ya sake cewa to. Daga baya na gane, gidan ba kowa, me zai je yi? Shitaye ta kawo masa kofi kyauta don ta wanke tsokanar da ta yi, ya yi godiya ya ce ya daina sha. Ta ce ɗan Habasha da ya daina gahawa ai sai a duba shi a asibiti.

Muka ɗaga motar na shiga ƙarƙashi da tocila mai shuɗin haske, wadda ke sa rinin nan ya yi ƙyalli. Na fara da abin da nake tsoro. Na bi gefen akwatin batir kaf, na duba ɗan murfin da ke ƙasansa, a bushe. Na auna da na'ura ko wuta tana taɓa jikin mota, lafiya lau. Sai a lokacin na ja numfashi. Na cire faifan robar da ke rufe cikin motar, na ga ya tsage a gefe ɗaya. Duwatsun titin Koye ne, duk mai zuwa can ya san su. Wani ya daki faifan ya wuce ya samu mahaɗin roba inda tiyo biyu suka haɗu. Tsagar ba ta kai kaurin gashi ba. A hasken tocila sai ga ta tana ƙyalli, kore shar, ɗigo yana taruwa a bakinta.

Na kira shi ya gani. Ban zaci zai shigo ba, sai ga dattijo ya cire hula ya sunkuyo da kwat ɗinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya dangwali ɗigon zai kai baki, wai su da harshe suke gane ruwan lagireto da na sama. Na buge hannun.

"Guba ce, Gashe. Ka shayar da mota, yanzu kuma kai za ka sha nata?"

"Yaran yanzu," ya ce, yana goge yatsan a wando. "Komai guba."

Canza mahaɗin bai ɗau lokaci ba. Gahawar ce ta ci mana kwanaki. Famfon ya riga ya ƙone, haƙoransa cike da gari, sai da na nemo wani a kasuwar Merkato. Hanyoyin ƙarƙashin batir kuwa sai da na riƙa tura musu tataccen ruwa ta baya, ya fito baƙi, in sake, ya fito ruwan ƙasa, in sake. Kullum in na zo buɗe gareji Gashe yana bakin ƙofa, ya sha bas biyu daga Koye. Yakan riƙe min bokiti. Ba ya yawan magana, sai dai in wata tsohuwar mota ta wuce a titi ya ɗaga kai ya faɗi abin da ke damunta daga jin ƙararta. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi da tasa motar shi ne shirunta. Mutum ya yi ta tafiya kamar a cikin akwati, ba tari, ba kuka, ba wanda zai ce wa sannu.

Ina tace ruwan bokiti wata rana don in ga ko garin ya ragu, sai ya buɗe motar ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin kujera. Ya buɗe ya nuna min. Garin gahawa ne, saura kaɗan a ƙasa.

Ya ce Etiye Askale ce ta soya ta daka, satin da za a kai ta asibiti. Ta daka da yawa, abin da ba ta saba ba, don ita kullum sabo take yi. Bayan an share makoki kowa ya tafi, ya taɓa gwadawa sau ɗaya. Ya dafa yadda ya ga tana yi, ya sa turare a wuta, ya buɗe ƙofar ɗaki ya jera kofuna. Mutanen benen suna wucewa suna gaishe shi da ka, kowa ya shige nasa ya turo ƙofa. Wata ma ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne yake ƙonewa. Ya zauna har butar ta huce, ya zubar. Gahawa ba a shan ta mutum ɗaya, kowa ya sani. Tun daga ranar bai ƙara ba, ko a waje. Da motar ta fara ɗiga, ya duba ɗakin kaf, abin da ya samu ke nan.

"Na ce gara ta yi wani amfani," ya ce, ya mayar da murfin.

Na ci gaba da tace ruwana.

Wubalem ba makauniya ba ce. Ta ga motar a tsaye a Kera kwana da kwanaki. Ana jibi ranar Jibrilu ta kira shi ta bidiyo, da rigar aiki a jikinta, da alama a ɗan hutun cin abinci take. Ya yi ta kwana-kwana, ta ce ya ba ta makaniken. Ya miƙo min wayar.

Na gaya mata gaskiya. Dutse ne ya fasa mahaɗi, ko wa ke tuƙi hakan za ta iya faruwa, batir lafiyarsa ƙalau. Ta saurara, sannan ta ce ita ba ta san mota ba amma ta san mutane. Mahaɗi ɗaya ne zai ci kwanakin nan har da sabon famfo? Me babanta ya yi wa motar?

Na dubi Gashe. Ni ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba zan faɗa da bakina ba. Ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa.

"Gahawar mamanki na zuba a ciki."

"Wace gahawa?"

"Wadda ta daka kafin a kai ta asibiti. Tana nan tun lokacin."

Ina jin ƙarar cokula a bayan Wubalem da wani tsoho yana kiran ta da yarensu. Gashe ya tsaya riƙe da wayar nesa da fuskarsa yadda tsofaffi ke yi, yana jiran a ce masa ya tattara sai Adama.

"Akwai saura?" ta ce.

Ya buɗe gwangwanin ya karkata shi gaban wayar.

"Kada ka ƙara ba mota. Ka ajiye. In na samu ranar hutu zan kira ka, ka dafa, ni ma in dafa tawa a nan."

Ta ce ya ba ni wayar. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta canza ba. Ta ce in gyara masa da kyau, in ya sake taɓa wani murfi a motar nan in kira ta kai tsaye. Tsohon can ya sake kira, ta kashe. Maganar sayarwa ba ta fito ba, ba ta kuma ƙara fitowa ba har yau.

Washegari ruwan ya fito fari tas. Na haɗa komai, na zuba sabon ruwan sanyaya irin nata, na sake ba ta iska, allura ta tsaya ba ta motsa ba. Saura fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin, wanda da na'ura ake yi, a sa famfon ya yi ta juyawa mota tana tsaye. Na danna. Wani siririn sauti ya taso daga ƙasa, zzzz, da ɗan ƙulu-ƙulun ruwa. Gashe ya ɗaga min hannu wai in yi shiru. Ya sunkuya ya kara kunne a jikin motar.

"Ashe tana magana."

Na ce famfon ne, yakan tashi da kansa in batir ya ɗumama, musamman in ana caji. Da ma can yana yi, tagogi ne a rufe bai taɓa ji ba.

Ranar Jibrilu da hantsi ya biyo ta layinmu, duk da ba hanyarsa ba ce. Ya rage gudu ya danna min hon. Ya sa farin mayafin coci a kan kwat ɗin. A baya tsofaffi biyu ne, mace da namiji, macen tana rungume da burodi a nannaɗe. Na tambayi na ukun. Ya ce ɗansa ya zo daga Hawasa ya tafi da shi satin da motar take wurina, ba su ma yi sallama ba. Ya ce to, biyu ma mutane ne. Suka wuce.

Yakan leƙo jifa-jifa in duba masa ruwa, ko da yake ruwan ba ya raguwa. Zuwansa na ƙarshe na tambaye shi ko sun sha gahawar da Wubalem. Ya ce tukuna, aiki ya yi mata yawa, an rage musu ma'aikata, amma ta ce tana sane. Gwangwanin yana nan ƙarƙashin kujera. Na ce garin zai gama salancewa fa. Ya ce ya sani.

Ya ce yanzu in ya jona caji da la'asar a gindin benensu, ba ya hawa sama. Yakan zauna a ciki ya sauke gilashi. Ba nan da nan motar take fara maganarta ba, sai batir ya ɗumama, don haka yakan jira.